Danshin Bango: Gyaran Ciki Daga Waje Yake Farawa

Ina gaida magidanta da matan gida, da samarin da suka fara tara bulo don ɗora ɗakin aure. Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na kudancin Kano, na Bebeji da Kiru, na Tudun Wada da Doguwa, tun daga Kwanar Dangora har Riruwai.

Yau zancen namu na cikin ɗaki ne. Zancen danshin bango za mu yi, musamman bangon dutse, ko bangon da aka ɗora a kan harsashin dutse. Za mu duba abin da mai gida zai iya yi da hannunsa, ko da bai taɓa riƙe cokalin gini ba.

Kun san abin da nake nufi. Ƙasan bango ya canza launi, daga daɓe zuwa gwiwa, wani lokacin har ƙugu. Fenti ya kumbura yana ɓarewa. Ka shafa hannu, wani farin gari ya biyo yatsunka. Ɗaki yana wani irin wari. A saka turaren wuta, da hayaƙin ya lafa sai warin ya dawo. Uwargida ta janye kabad za ta yi shara, ta tarar bayansa ya yi baƙi ƙirin. Zannuwan da aka ninke a ƙasan akwati sun yi funfuna.

Me yawancinmu muke yi? Mu tafi kasuwa, mu sayo buhun siminti da galan na fenti. A lafta, a shafe. Ɗaki ya yi fes, baƙi su shigo su yaba. Damina ta zagayo, abin ya dawo, har ya ɗara na bara.

To ga maganar da nake so kowa ya riƙe a wannan shiri. Danshin da kake gani a ciki, daga waje ake fara gyaransa. Ka nemo inda ruwan yake shigowa. Ka kawar da shi. Ka bar bango ya bushe. Sai a ƙarshe ka taɓa cikin ɗaki. Zan sake faɗin wannan magana kafin mu rabu, don ita ce ƙashin bayan zancen.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya fi damunmu a nan kudu.

Duk wanda ya san jihar nan ya san ruwan sama ya fi sauka a kudancinta. Damina takan faɗi a Doguwa kafin ta isa Dambatta ko Kunchi, kuma takan daɗe ba ta ɗauke ba. Ruwan da ke gangarowa ta dajin Falgore shi ke cika Kogin Kano. Shi aka tare a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, aka gama dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Wannan ruwa alheri ne babba. Da shi muke samun masara da shinkafa da rake. Sai dai ƙasar da ta ƙoshi da ruwa, ginin da ke kanta ma sai ya sha rabonsa.

Ga kuma dutse. A wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, dutse yana ko'ina. Mai gini ba ya wahalar nemansa. Amma ruwan da ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa. Gangarowa yake yi a guje. Idan gidanka yana gindin tudu, bayan ɗakinka ne zangonsa na farko.

Wani zai ce, ai dutse ba ya shan ruwa. Yana da gaskiya. Irin dutsen da Allah ya ba mu a nan mai tauri ne, abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Amma bango tarin duwatsu ne da aka haɗa, ko da laka, ko da siminti da yashi. Ta wannan mahaɗar ruwa yake bi. Dutsen yana nan ƙalau, abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ne ya jiƙe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa kuwa ko tsagewa ba ya jira. Ƙofar da ido ba ya gani ta ishe shi.

Yanzu mu zo kan hanyoyin da yake bi. Ku ba ni hankalinku a nan, don kowace hanya da nata maganin.

Akwai ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Ku tuna lagwanin fitilar ƙwai. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani yana janyo shi ba tare da wani ya turo ba. Haka laka da bulo da filasta suke jan ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Alamarsa ba ta ɓuya. Daga ƙasa yake farawa, kuma yana da iyaka a bayyane, wani lanƙwasasshen jirwaye mai ruwan ƙasa. Da wuya ya wuce mita ɗaya da 'yan kai. Shi wannan ruwa ba shi kaɗai yake zuwa ba, da gishirin ƙasa yake tafe. Idan ya iso fuskar bango sai ya bushe, gishirin ya zauna. Shi ne farin garin nan da kuke gani, wanda magina ke cewa zartsi ya ci gini. Yana daskarewa a cikin ƙananan ƙofofin filasta, yana turawa, har filastar ta marmashe. Kuma gishiri da kansa yana jan laima daga iska. Shi ya sa wani bangon ko an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ka taɓa ka ji shi da sanyi-sanyi.

Akwai kuma ruwan da ke shigowa ta gefe ko ta sama. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi kowanne shan duka. Indararo ya karye, yana zubo ruwa a jikin bango. Kwano ya huje. Gefen taga ya tsage. Irin wannan nason ba shi da wurin zama ɗaya. Yana iya fitowa a sama, yana iya fitowa a tsakiya. Yakan bayyana bayan an tafka ruwa, ya dushe idan rana ta buɗe.

Na ƙarshe, mu ne muke kawo shi da kanmu. Lokacin marka ne, an rufe tagogi. An shanya wanki a ɗaka saboda ba rana. An ɗora tukunya a ɗaka saboda madafa ta jiƙe. Ga numfashin mutum biyar ko shida duk dare. Wannan tururi dole ya nemi inda zai kwanta, kuma bangon dutse mai sanyi ne. Alamarsa baƙin ɗigo-ɗigo a kusurwa da bayan kabad, inda iska ba ta kaiwa. Tunda na ambaci girki a ɗaka, bari in ratse kaɗan. Don Allah kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Wannan ya wuce ɓata bango, rai yake ɗauka.

To yaya za ka gane wanne ne naka? Ga dabara mai sauƙi. Ka samo farar leda mai kauri, faɗin tafin hannu biyu. Ka goge wurin da ke da danshi. Ka manna ledar a jikin bango, ka bi gefenta huɗu da salatif, kada ka bar wa iska ƙofa. Ka bar ta kwana biyu. Idan ka dawo ka ga raɓa a fuskar da ke kallonka, ruwan daga iskar ɗakin yake. Ka gode wa Allah, aikinka ya zo da sauƙi. Ka buɗe taga, ka fitar da shanya, ka janye kaya daga jikin bango. Idan kuwa raɓar tana ciki, tsakanin leda da bango, to ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Nan ne aiki yake.

Kafin mu shiga aikin, bari in gaya muku dalilin da ya sa nake adawa da lafta siminti a kan danshi.

Tsohon bango yana numfashi. Da damina ya sha, da rani ya fitar. Haka yake rayuwa shekara da shekaru. Idan ka zo ka rufe fuskarsa da filasta mai ƙarfin siminti, ka bi da fenti mai mai, ƙofar fita ka toshe. Ƙofar shiga tana nan a buɗe. Ruwan ba zai fasa zuwa ba. Sai ya ƙara hawa sama, ko ya ɓulla a ɗakin da ke maƙwabtaka. Ku lura da gidajen da aka yi wa tayil daga ƙasa zuwa ƙirji don maganin danshi. Bayan damina biyu ko uku, ku ɗaga kai ku dubi saman tayil ɗin. Nan fenti yake fara kumbura. An kashe kuɗi, an ɗaga ciwon sama kawai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bangon da aka haɗa dutsensa da laka, ko ginin ƙasa zalla, aka zo aka yi masa rigar siminti. Siminti da laka ba sa kama juna da kyau. Ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, za ka ji amon fanko. Ma'ana akwai rata a ciki. Ruwa yana shiga ta 'yar tsaga, ya kwanta a ratar, ba rana ba iska. Laka tana narkewa a ɓoye, fuskar bango kuwa tana sheƙi. Mai gida yana ganin ginin nan lafiya lau. Sai wani dare a watan Agusta, ana tsakiyar marka, bango ya zauna. Babu shekarar da ba ma jin irin wannan labari a ƙasar Hausa, kuma sau da yawa yara da mata ne a ciki. Wannan abu yana ci mini rai, don yawancinsa ana iya kauce masa.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A Ingila, ƙasar da ruwa ba ya ɗauke mata, an shafe tsofaffin gidajen dutse masu yawa da siminti a ƙarnin da ya wuce. Daga baya masu kula da tsofaffin gine-gine suka ga danshin ƙaruwa ya yi. Yanzu ɓamɓare simintin suke yi, suna komawa ga farar ƙasar gini irin ta kakanninsu, wadda ke barin bango ya yi numfashi.

Mu ma maginanmu na dā sun san wannan ilimi. Sukan jiƙa kwasfar ɗorawa su fitar da makuba, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ita. Sukan haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, su shafe rufin soro da kan katanga. Waɗannan suna kore ruwan sama, amma ba sa shaƙe bango. Sukan zurara indararo ya yi tsawo, ya jefa ruwa nesa. Sukan yi dakali a gindin bango. Mu muna ganin wurin zaman hira ne, alhali kuwa shi ke karɓar fantsamar ruwa a madadin harsashi. Idan ya zaizaye a sake shi, ginin yana nan. Sama da duka, ba sa barin shekara ta wuce ba su duba gini ba. Har yau a birnin Jenne na ƙasar Mali, duk shekara gari ne ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu na ƙasa.

To masu sauraro, mu tashi mu fita waje. Na ce daga waje ake farawa.

Aikin farko ba ya cin ko sisi. Damina ba ta ƙare ba tukuna. Ranar da aka tsuge da ruwa, idan tsawa ta lafa, ka ɗauki lema ka zagaya gidanka. Ka tsaya daidai bayan wurin da yake naso a ciki. Ka duba da idonka. Ina ruwan kwano yake sauka? Yana faɗuwa nesa, ko a gindin bango yake dukan ƙasa yana fantsama? Ina yake kwanciya? Rariya tana ja, ko leda da shara sun toshe ta? Abin da za ka gani a minti goma cikin ruwa, ba za ka gan shi a wata guda na rani ba.

Sannan ka auna tsayin ƙasar waje da daɓen ɗakinka. Nan ne gidaje da yawa suke da matsala ba su sani ba. Lokacin da aka gina ɗakin, hawa ake yi a shiga. Shekaru suka tafi. Ana zuba toka, ana zuba shara, ana cikon lungu. An zo an yi wa hanya ciko. Yau sauka ake yi a shiga ɗakin. Ƙasar waje ta haura daɓe, ta jingina da bango, kuma duk damina a jiƙe take. Bangon da ƙasa ta rungume haka, babu fentin da zai cece shi. Ka sa shebur ka janye ta, har ƙasar waje ta koma ƙasa da daɓen ciki da kamar inci shida. Ka yi mata gangare, ruwa ya riƙa gudu daga bango zuwa kwata. Amma a kula. Kada a haƙa har a tone harsashi. Kwashe cikon da ya taru kawai za a yi.

Idan gidan a gindin tudu yake, ka tari ruwan tun kafin ya iso. Ka ja lambatu ta saman gidan, 'yan taku kaɗan daga bango, ya karkata da ruwan ya zagaye ka. Ka jera masa dutse don kada ya zaizaye. Dutsen ai ga shi nan a ƙofar gida.

Ka ƙara wa indararo tsawo. Idan bakin kwano gajere ne, a sa masa mazurari, ko a jera duro a tari ruwan, ga na wanki an samu. A gindin bango a yi dakali ko shimfiɗar dutse mai gangare.

Akwai kuma ruwan da ba na sama ba. Ka duba ko makewayi ne a bayan ɗakin. Ko nan ake wanke-wanke kullum. Ko nan randa take, tana naso dare da rana. Ko bututun famfo ya fashe a cikin ƙasa. Danshin da bai san rani ba, wanda yake nan har watan Maris, irin wannan ake zargi. Turken awaki ma a janye shi daga jikin bango, don fitsarin dabba gishiri ne da shi, kuma yana cin gini sosai. Haka masu tsugunawa a gindin katanga.

Wani lokaci ruwan daga gidan maƙwabci yake. Indararonsa ne ke zuba a bangonka, ko rariyarsa ta bi ta gindin ɗakinka. Kada a mai da shi rigima. Ka same shi da sallama, ka ce, Malam, zo ka ga wani abu. Ka nuna masa cikin ɗakin. Yawancin mutane idan sun gani da ido sukan ji nauyi. Ku haɗa hannu ku gyara lungun. Idan abin ya faskara, ga mai unguwa nan.

Mun gama da waje. Yanzu sai mataki mafi wuya, wato haƙuri.

Bango mai kauri ba ya bushewa a mako guda. Watanni yake ɗauka. Amma Allah ya ba mu abin da wasu ƙasashe ba su da shi. Ya ba mu hunturu. Iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce mai busar da gini kyauta. Don haka da kaka ta yi, a janye gado da kabad da buhuna daga jikin bango. A ɓamɓare duk filastar da ta mutu, wadda ke amon fanko ko take marmashewa. A wuce iyakar jirwayen da kamar kamu ɗaya, don gishirin yakan wuce inda ido ke gani. A bar dutsen tsirara. A buɗe ƙofa da taga kullum. Na san ɗakin ba zai yi kyan gani ba. Uwargida, a yi haƙuri, na 'yan watanni ne.

Yayin da yake bushewa, farin garin zai riƙa fitowa. Kada ka firgita, alama ce bango yana amayar da abin da ya sha. Ka sa busasshen buroshi ka kankare. A nan ina roƙonku, kada a wanke shi da ruwa. Idan ka wanke, narkar da gishirin ka yi, ka mai da shi cikin bango. A kankare a bushe, a share, a kai shi nesa da gida. Tsohuwar filastar da aka ɓamɓare ma kada a yi ciko da ita a gindin bango. A ɗaure hanci da baki da ƙyalle lokacin aikin, a fitar da yara. Idan akwai soket a wurin, a kashe wuta daga babban makunni kafin a sa ƙarfe.

Idan hunturu ya yi nisa, wajen Janairu ko Fabrairu, ka sake gwajin leda. In ta fito a bushe, lokacin gyaran ciki ya yi.

Ka bi mahaɗar duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Inda ta rube, ka ƙwaƙule da ɗan ƙarfe, zurfin gaɓar yatsa. Kada ka ƙwaƙule bango gaba ɗaya a rana ɗaya. Ɗan wuri kaɗan, ka cike, ka matsa gaba. Ka share ƙurar, ka ɗan yayyafa ruwa don sabon kwaɓi ya kama. Da me za ka cike? Da irin abin da aka yi ginin da shi tun asali. Idan da laka aka haɗa dutsen, ka koma wa jar ƙasa mai kyau, a kwaɓa ta da makuba in da hali. Idan da siminti ne, ka yi kwaɓi mai laushi, kwano ɗaya na siminti, kwano shida na yashi. Kada wani ya zuga ka cewa yawan siminti shi ne inganci. Mahaɗa ta fi kyau idan ta fi dutsen laushi, don ta nan bango yake numfashi. Yashin ya zama na rafi, mai tsabta. Ruwan kwaɓin kada ya zama mai zartsi. Ka danna kwaɓin da kyau har ya cika ramin. Bayan nan ka riƙa ɗan yayyafa masa ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki, don iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi.

Batun shafe kuwa gajere ne. Farar ƙasa ta fi dacewa da irin wannan bango, ko fentin ruwa. Fenti mai mai da tayil a bar su. Idan dutsen mai kyau ne, ana iya barinsa a fili, shi ma ado ne.

Na san wani yana tambaya, to ina amfanin garin hana ruwa da ake sayarwa a Kasuwar Ƙofar Ruwa, da kwalta, da sauransu? Suna da wurinsu. Idan ɗaki ya shige cikin tudu, ƙasar da ke bayansa ba ta janyuwa, dole a yi wa bangon kariya. Amma ko a nan, ta wajen ƙasar ake shafa kwalta, a sa leda, a zuba tsakuwa don ruwa ya sami hanyar sauka. Wannan aiki ya fi ƙarfin ɗan koyo. A kira magini.

Tunda mun zo nan, bari in ja layi. Akwai inda hannun mai gida ya tsaya. Idan tsagar bango tana ƙara buɗewa. Idan bango ya yi ciki, ko ya karkata. Idan azara ta rube a inda ta shiga bango, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Wannan ya wuce danshi. A kwashe iyali daga ɗakin a ranar, a nemo magini wanda ya san aikinsa. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ba a yi magini kamarsa ba a ƙasar Hausa, kuma ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. Idan irin wannan gini yana bukatar a sa masa ido, ina ga ɗakina da naka?

Kada kuma a ɗauka zancen kyan ɗaki kawai muke yi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna a cikin gidaje. Ta nuna suna da alaƙa da tari da ciwon asma da sauran cututtukan numfashi. Iyaye mata, idan yaro yana yawan tari da dare a ɗaki mai wari, a kai shi asibiti, a kuma dubi bangon da yake kwana a jikinsa. Manomanmu na Doguwa da Tudun Wada, kaka tana tafe. Buhun masara ko gyaɗa da aka jingina da bango mai danshi yana yin funfuna, kuma wata funfunar tana da dafin da ke lalata hanta. A ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango.

Ku kuma samari masu shirin sabon gini, kunnenku nawa? Ku kun fi kowa sa'a. Idan harsashi ya fito daga ƙasa, kafin a ci gaba da ɗora bango, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa da ƙarƙashin daɓe. Shi ne matakin da magina ke kira DPC. A Ingila tun wajajen 1875 dokokin gini suka fara tilasta irin wannan shinge. Mu a nan sau da yawa suna ne kawai, a zuba kankare a wuce, ba a sa ledar ba. Ka tsaya a wurin ranar, ka gani da idonka. Ka tabbata ba ta huje ba, kuma ta fi ƙasar waje tsayi. Kuɗinta kaɗan ne a kan abin da za ka kashe daga baya.

Jama'a, lokaci ya ja. Na yi alkawarin maimaita maganar, ga ta. Danshin ciki, daga waje ake fara gyaransa. Roƙona gare ku a wannan mako abu biyu ne. Ku ɗauki gawayi ku ja layi a iyakar da danshin ya kai a bangonku, don baɗi ku san ko aikin ya ci. Sannan ruwan da za a yi nan gaba, ku fita ku zagaya gidanku. Kuɗin fentin kuma a adana shi tukuna, sai hunturu ya gama nasa aikin. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa. A leƙa ɗakunan tsofaffinmu da ba su da mai duba musu.

Allah ya sa mu ga ƙarshen daminar nan lafiya, ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya ba mu kaka mai albarka.